Ganyen alfalfa daga gona zuwa komi: kundin yankan bana

6 ga Afrilu

Abin da ya same mu bara ne ya sa na buɗe wannan littafi. Alfalfa, ciyawar nan dangin wake da ake nomawa don dabbobi, ta yi kyau a gona, kore shar, amma da muka zo kwance damin a gaban shanu sai ga kara tsagwaronsa. Ganyen ya zube tun a fili. Shanun su tsinci ɗan abin da ya rage, su bar mana tsinke cike da komi. Bana na ɗauri aniyar rubuta kowane mataki da ranarsa da lokacinsa, har in gano daidai inda ganyen yake salwanta.

Gonar rabin hekta ce, mun raba ta yanki huɗu, kuma wannan ce shekararta ta biyu. Yau da safe na zaga na tsinko kara ɗari daga wurare daban-daban, na zauna na ƙirga. Kusan duka sun yi toho a kai, guda uku ne kawai suka buɗe furen nan mai ruwan shuni. Lokaci ya yi kusa ke nan. Ƙa'idar da nake bi ita ce a yanka tsakanin cikar toho da lokacin da kara ɗaya cikin goma ya yi fure.

Kawu bai yarda ba. Ya ce, "Ɗana, ka bar ta ta ƙara tsawo mana. Mako biyu kawai, sai ka ga dami ya yi yawa." Gaskiyarsa ta wajen yawa. Amma abin da ke ƙaruwa bayan fure kara ne, kuma karan yana ƙara tauri da wani sinadari da ake kira lignin, wanda tumbin saniya ba ya iya narkar da shi. Ganyen ƙasa kuma yana yin rawaya ya zube saboda inuwar na sama. Alfalfar da aka yanka tana toho takan ba da furotin wajen kashi 20 cikin ɗari na busasshen nauyinta, wadda ta cika fure kuwa ta sauka ƙasa da haka sosai. Na ce, "Kawu, a bar mini yanki uku, na huɗun mu bar shi yadda ka ce, shanu su raba mana gardama." Ya amince.

Mun tsayar da ban ruwa tun jiya. Ciyawar da aka shanya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga ƙasa take shan laima, komai zafin ranar da ke dukanta daga sama.

9 ga Afrilu

An yanka yanki na ɗaya da na biyu.

Ƙanena ya kwana yana wasa haƙoran injin yanka wanda ake turawa da hannu, ni kuma na wasa lauje biyu don gefuna da kusurwoyi. Kaifi ba ƙaramin abu ba ne a nan. Wuƙa mara kaifi tana yagar karan ne, ta fizgi gindin, kuma daga gindin nan sabon toho zai fito. Mun saita tsayin yanka a kan yatsu huɗu daga ƙasa, wajen santimita 7. Wannan kututturen da aka bari yana da amfani biyu: yana kare idanun toho, yana kuma ɗaga yankakkiyar ciyawar sama kaɗan iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinta.

Mun fara da ƙarfe tara, bayan ɗan sanyin safiya ya ɗaga. Na san cewa ciyawar da aka yanka da yamma ta fi sukari, domin ta wuni tana tara shi a cikin rana. Amma wadda aka yanka da yamma takan kwana ɗanya, kuma yankakkiyar ciyawa ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da numfashi, tana ƙona sukarin jikinta, har sai ruwanta ya sauka zuwa wajen kashi 40. Na zaɓi in ba ta cikakken wuni guda na rana tun daga farko.

Inda na sauya hannu da bara shi ne wajen shanya. Bara mun bar ta a tattare, layi-layi masu kauri, yadda injin ya zubar. Bana mun baza ta da faɗi, ta rufe kusan duk filin da aka yanke ta. Dalili kuwa yana jikin ganyen. Akwai 'yan ƙofofi ƙanana a fatarsa waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa yake fita, kuma haske ne yake sa su zauna a buɗe. Ganyen da ya shige cikin duhun tari ƙofofinsa rufewa suke yi. Muddin suna buɗe kuwa, ganyen yana zuƙo ruwa daga cikin kara yana fitarwa, kamar yadda yake yi a tsaye. Wato a sa'o'in farko ganye ne yake busar da kara. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, abin da muke fafutukar tserar da shi shi ne kuma yake taya mu aikin.

Na yi awon farko. Na yayyanka ɗanya na auna giram 100 a ƙaramin sikeli, na sa a na'urar ɗumama abinci ta makirowef tare da kofin ruwa a gefe don kada ta kama da wuta. Ina ɗumamawa kaɗan-kaɗan ina sake aunawa, har nauyin ya daina sauka. Ya tsaya a giram 22. Kashi 78 ruwa ne ke nan. Na yi wa ƙanena lissafi a bayan littafin nan: a kowane kilo 100 da muka yanka yau, kilo 22 ne abinci, kuma idan muna son harawa mai ruwa kashi 15, za ta tashi kilo 26. Kilo 74 na ruwa ne za su bi iska cikin kwana biyu ko uku. Ya ce, "Yaya, ashe ruwa muka wuni muna yanka."

10 ga Afrilu

Da sassafe, wajen ƙarfe bakwai, muka tattara yanki na ɗaya da manjagara muka yi shi kunya-kunya. Awo ya nuna ruwa kashi 45. Ganyen ya yi yaushi amma bai bushe ba, in ka murza shi lanƙwashewa yake yi ba karyewa ba. Mun ja manjagarar a hankali, haƙoranta ba sa taɓa ƙasa, don duk ƙasar da ta shiga cikin harawa ta shiga cikin dabba. Na bi bayan masu aikin ina duba ƙasa, ganyen da ya zube bai taka kara ya karya ba.

Yanki na biyu kuwa a nan aka yi ɓarna. Wata saniya ta shiga naƙuda mai wuya, duk muka koma can, ba mu dawo gona ba sai ƙarfe biyu na rana. Maimakon in bar shi sai washegari da safe, na ce a tattara kawai a gama. Tun jan farko na ji ƙarar, kwaras-kwaras, na ga ganye yana tashi kamar ƙaiƙayi. Kafin in tsayar da su an yi fiye da rabi. Da na durƙusa na shafa ƙasa, tafina ya cika da ɓarɓashin kore.

Laifina ne, kuma ga abin da ya faru a fili. Ganyen alfalfa guda uku-uku ne, sirara, a maƙale da ɗan siririn wuya. Karan kuma yana da kauri da fata mai santsi kamar an shafa kakin zuma. Ganye yana bushewa ya bar kara a baya da nisa. Da tsakar rana ganyen ya zama kamar takarda, karan kuwa har yanzu da ruwansa. Taɓawa ɗaya, wuyan ya karye. Kuma ganyen nan, da yake kusan rabin nauyin shukar, shi ke ɗauke da wajen kashi biyu cikin uku na furotin ɗinta. Wanda ya zubar da shi ya yi noman ne don ƙasa ta ci.

Mun share abin da ya sharu muka zuba a buhu. Da ƙasa a ciki, sai an tankaɗe.

11 ga Afrilu, da asuba

Ɗaurin dami. Ba mu da injin ɗauri, akwatin katako muke amfani da shi: a shimfiɗa igiya biyu a ciki, a cusa harawa, a taka, a ƙara, a taka, sannan a ɗaure a buɗe gefe a fitar. Kowane dami yana tashi kilo 15 ko kusa da haka.

Jiya da magariba na gwada karan yanki na ɗaya ta hanya uku. Na kankare bayansa da farce, fatar ba ta saɓule ba. Na ɗauki dunƙule na murɗa da hannu biyu, ya soma karyewa a murɗa ta uku, kuma babu sanyin danshi a tafi. Sannan makirowef ya ba ni kashi 15. Hannu yana iya ruɗar mutum, musamman in ganyen ya yi ƙarau alhali cikin kara da saura, shi ya sa ba na dogara da shi shi kaɗai. Ga ƙananan dami irin namu ana so ruwa ya kasance ƙasa da kashi 18 zuwa 20. Manyan dami na inji da ake matsewa ƙwarai sai an sauka ƙasa da haka, domin zafi ba ya samun hanyar fita daga cikinsu.

To karan ya bushe jiya, amma ba mu ɗaure jiya ba. Mun jira sanyin dare ya sauka a kan ganyen ya yi laushi. Raɓar waje daban, ruwan cikin kara daban. Ta waje tana tashi da sauƙi ko bayan an ɗaure, ruwan cikin kara shi ke ruɓar da dami. Mun fara tun da sauran duhu da fitila a goshi. Harawar tana shiga akwati shiru, babu ƙara, babu ƙura. Wajen ƙarfe takwas da rabi na soma jin kwaras ɗin nan, na ce a tsaya.

Yanki na ɗaya dami 15. Na biyu dami 13, kuma da ido ma ana ganin bambanci.

12 ga Afrilu

An kwashe dami duka zuwa rumfa, an saki ruwa a yanki biyun. An yanka na uku. A rumfa mun jera katako a ƙasa, muka ɗora damin a kan gefensu, da tazarar tafin hannu tsakanin kowane layi.

15 ga Afrilu

Na ƙirƙiro wa kaina wani awo da zan riƙa yi wa kowane yanki. In zaro giram 200 daga tsakiyar dami, in zauna a kan tire in tsige ganye gefe guda, kara gefe guda, in auna. Yana cin kusan rabin sa'a, amma ba ya ƙarya. Yanki na ɗaya ganye giram 92, kashi 46 ke nan. Na biyu giram 66, kashi 33. Iri ɗaya, rana ɗaya aka yanka su, ruwa ɗaya suka sha. Sa'o'i bakwai na jinkirin manjagara ne kawai tsakaninsu.

An ɗaure yanki na uku jiya da asuba, dami 16. Ya ba da kashi 47.

Na soma auna zafi. Na ɗaura ma'aunin zafi a igiya, ina zura shi ta cikin bututun ƙarfe mai tsini da nake sokawa tsakiyar dami, in bar shi minti goma. Sabuwar harawa takan yi ɗan ɗumi a makonni biyu zuwa uku na farko, masu sana'ar suna cewa tana gumi. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin bai wuce digiri 50 a ma'aunin Salsiyas ba. Yau mafi zafi 41.

19 ga Afrilu

Dami biyu daga yanki na uku sun kai digiri 57. Na gane su, daga kusurwar da ruwa yake kwanciya ne, inda ciyawar ta fi kauri kuma ƙasar ba ta gama tsotsewa ba. Na ɗauki awo ɗaya daga tsakiyar yankin na ɗauka ya wakilci ko'ina.

Mun fitar da su waje muka kwance. Cikinsu ya soma komawa ruwan ƙasa, yana wani ƙamshi mai daɗi kamar na taba ko sukarin da aka ƙona. Kawu ya shaƙa ya ce shanu za su so wannan. Za su so shi kuwa, har su yi wawarsa. Matsalar ita ce wannan launi da ƙamshin alama ce ta cewa zafi ya haɗa sukari da furotin sun ƙulle, kuma furotin ɗin da ya ƙulle haka wucewa yake yi ta cikin dabba ya fita a kashi. Dabba ta ci da marmari, jikinta bai samu ba.

Zafin yana farawa ne daga ƙwayoyin halitta da hunhuna da ke cin sukari a cikin danshi. In an bar shi yana hawa, daga digiri 65 an shiga haɗari, a riƙa aunawa sau da yawa a rana. In ya doshi 80 wuta ta kusa, kuma a wannan matakin buɗe tarin ma yana iya tayar da ita, saboda iska ta samu shiga. Rumfunan harawa da yawa sun ƙone ba tare da kowa ya kyasta ashana ba. Namu bai je ko kusa ba, amma na kasa barci sai da na sake zagaya sauran da daddare.

22 ga Afrilu

An yanka yankin Kawu, kwana goma sha uku bayan na farko. Ya cika fure, ƙudan zuma ko'ina. Kafin yanka na bi layi-layi ina kaɗa furen da sanda ina duba ƙwari, don akwai wani ƙwaro mai son fure wanda ruwan jikinsa ke sa fata ta yi bororo. In aka murƙushe shi cikin harawa dafinsa ba ya mutuwa da bushewa, kuma dawaki ne suka fi cutuwa da shi. Ban ga ko ɗaya ba.

Na lura da wani abu a gindin: sabon toho ya riga ya fito ya yi tsawo, har injin ya sare kan wasu. Jinkirin yanka ya ci wani abu daga yanka na gaba.

26 ga Afrilu

Yankin Kawu dami 20. Ganye kashi 38, duk da mun bi da shi da lallami kamar na ɗaya. Karan ya yi kauri, ya ƙara mana wuni guda a shanya.

30 ga Afrilu

Zafin rumfa ya sauka ya daidaita da na waje. Mun soma ba shanun tatsa, kaɗan-kaɗan a haɗe da ciyawar da suka saba, domin tumbi yana bukatar kwanaki kafin ya saba da sabon abinci. Busasshiyar alfalfa ba ta kai ɗanya haɗarin kumburin ciki ba, amma wadda ta cika ganye, a ba dabba mai yunwa ta ci ta ƙoshi lokaci guda, ita ma ba a sake da ita.

Kwana uku muna gwaji. Komi biyu, kilo biyar-biyar, ɗaya daga yanki na ɗaya, ɗaya daga na huɗu, bayan sa'a biyu mu auna ragowar. Komin yanki na ɗaya kullum a lashe yake, abin da ya rage bai cika tafi biyu ba. Na huɗu ana barin kusan kilo guda na kara. Kawu ya tsaya ya daɗe yana juya ragowar da sandarsa, sannan ya ce, "To, ɗana, na gani. Amma ka ba shanun da ba a tatsa da bijimai na yankina, ba za su raina ba." Wannan shawara ce mai kyau, kuma ita za mu bi. Ban da shanu biyu da suka kusa haihuwa. Alfalfa tana da yawan kalsiyam da fotash, kuma saniyar da ta ci su da yawa a makonnin ƙarshe na ciki tana iya faɗuwa bayan haihuwa ta kasa tashi. Su sai sun haihu tukuna.

Ɓarɓashin ganyen da muka share ranar 10 ga wata an tankaɗe shi, ana yayyafa wa maruƙa a abincinsu.

4 ga Mayu

Sabon tashi ya kai gwiwa a yanki na ɗaya. Inda amalanke ya bi ranar kwasar dami ana ganin layi biyu da suka gajarce. Nan gaba hanya ɗaya za a riƙa bi, kuma a kwashe da wuri kafin toho ya ɗago.

Na watsa takin fotash bayan yankan. Alfalfa ba ta bukatar takin naitirojin, tana samar wa kanta ta hanyar ƙwayoyin da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwarta. Na tono gindi ɗaya na fasa ƙullin da farce, cikinsa ja-ja ne, alamar suna aiki. Amma fotash kwasarsa take yi, kowane tan na harawa yana fita da wajen kilo 25. Gonar da ba a mayar mata ba gindinta yana raguwa shekara bayan shekara, kuma ba a iya cike gurbin da sabon iri, don tsohuwar alfalfa tana fitar da wani abu a ƙasa da ke hana 'ya'yan irinta tsira kusa da ita.

Wani maƙwabci ya tambaye ni asalin sunan. Daga Larabci ya fito, alfisfisa, ya bi ta harshen Sifaniyanci ya zama alfalfa. A Ingila da Ostiraliya da Afirka ta Kudu lusan suke ce mata. Masana kuma Medicago sativa, sunan da ke nuni ga tsohuwar ƙasar Midiya, a yankin Iran ta yau, inda aka daɗe ana noma ta don dawaki.

10 ga Mayu

Yanka na biyu, kwana 31 bayan na farko. Yanki na ɗaya da na biyu.

Iska ta sauya, akwai laima, sama kuma ba ta da tabbas. Na shirya gwaji biyu. Na farko, matse kara. Manyan injinan yanka suna da rola biyu da ke lanƙwasa karan su fasa fatarsa kowane 'yan santimita, don ruwa ya samu mafita ya kamo ganye a bushewa. Mu ba mu da su. Ƙanena ya ciko ganga da yashi muka gangara ta a kan ciyawar da aka shimfiɗa a daɓen siminti. Aiki ne mai cin rai, amalanke biyu kawai muka iya. Na biyu, shanya a inuwa. Mun kafa sanduna a cikin rumfar da babu bango muka ɗaura raga hawa uku, muka bar ciyawar ta sha rana sa'a biyar ta yi yaushi, sannan muka kwaso ta tun tana da laushi muka baza a kan ragar, kaurin bai wuce tsawon tafi ba.

Sauran yana fili a baje.

11 ga Mayu

Ruwa ya sauka da la'asar. Mun tattara yanki na ɗaya da safe, yana wajen kashi 30 lokacin da hadarin ya haɗo. Mun yi gudu da tamfol biyu, muka tara abin da muka iya muka rufe, kamar sulusinsa. Sauran ya sha ruwa na kusan minti arba'in.

Da a ce jiya ya sauka, sa'a ɗaya bayan yanka, da ɓarnar kaɗan ce, don ɗanyar ciyawa ƙwayoyin jikinta a rufe suke, ruwa gangarewa yake yi. Wadda ta kusa bushewa kuwa kamar ganyen shayi take, ruwa yana shiga ya wanke sukari da ma'adinai ya tafi da su ƙasa. Na tsaya a bakin rumfa ina kallo, raina ya ɓaci ƙwarai.

13 ga Mayu

Jiya mun cire tamfol tun da gari ya waye, don ciyawa mai danshi a ƙarƙashin leda tururi take yi. Mun jira saman kunyoyin ya sha iska, ƙasar tsakaninsu ta tsane, sannan muka mirgina su da hannu zuwa busasshen wuri. Kowace juyawa tana cin ganye, shi ya sa sau ɗaya kawai muka yi, da safe.

An ɗaure yau. Wanda ruwa ya daka ya dushe, ya koma ruwan toka-toka, ƙamshin ya tafi. Ganye kashi 36. Wanda aka rufe kashi 43. Na ware su daban, na shafa wa igiyar na ruwan jan fenti, kuma su zan fi bi da ma'aunin zafi.

Wanda aka matse da ganga ya riga sauran bushewa da kusan wuni guda, mun ɗaure shi tun kafin ruwan ya zo. Da duka gonar aka yi wa haka, da hadarin ya tarar da fili wayam. Wannan ya sa na soma tunanin haɗa rola biyu na roba a kan firam, mai juyawa da hannu. Na zana shi a shafin baya, gobe zan kai wa mai walda ya duba.

16 ga Mayu

An sauke na raga. Kwana shida ya ɗauka, ana juya shi da hannu kowace safiya, kuma hawan tsakiya ya fi jinkiri har na ji tsoron hunhuna. Amma ban taɓa ganin harawa irin wannan daga hannunmu ba. Kore shar kamar yau aka yanka, ganye a manne har ƙarshen reshe, kashi 51. Rana tana kashe launin kore tare da sinadarin karotin da jikin dabba ke mayarwa bitamin A, inuwa kuwa tana tsare shi. Ta wani gefen, harawar da ta sha rana ita ke samun bitamin D, don haka sa'o'i biyar ɗin farko ba asara ba ne.

Dami huɗu kacal ragar ta ɗauka. Ba za ta iya ɗaukar rabin hekta ba ko an ninka ta sau uku. Na maruƙa ne da saniyar da ta haihu, kuma wuri ne na gudu idan hadari ya taso.

21 ga Mayu

Na ɗebi samfur don kaiwa ɗakin gwaji. Ba a zaro dunƙule da hannu, domin hannu kara yake kamowa ganye ya zube. Na wasa bakin bututun ƙarfe na murɗa shi ta ƙarshen dami zuwa tsakiya, na yi haka a dami da yawa na kowane rukuni, na haɗa na kowane rukuni a leda ɗaya na ɗaure. Leda biyar: yanki na ɗaya, na manjagarar rana, na Kawu, na ruwa, na raga. Na nemi a auna furotin da yawan zaren da ke nuna ci da narkewa, da kuma toka, wadda za ta tona yawan ƙasar da muka kwaso. In ta haura kashi 10 da yawa, manjagararmu tana yin ƙasa fiye da kima.

Damin jan fenti sun tsaya a digiri 46 kwana uku, yau sun sauka 42.

24 ga Mayu

Mai walda ya haɗa firam ɗin, saura rola. Ya ce tsofaffin tayoyin babur da aka yanka aka naɗe a kan bututu za su yi, kuma zai sa sifirin a sama yadda za a iya sassauta matsin. Na roƙe shi kada ya matse da yawa. So nake karan ya fashe, ganyen ya wuce lafiya. Za mu gwada da ɗanya ranar da ya gama, in ganye ya fito da baƙin tabo an ƙara tazara.

Yanki na ɗaya ya kai taƙi guda da rabi. In lissafin kwana 30 ya tsaya, yanka na uku zai faɗo wajen 9 ga Yuni, lokacin da samun kwana uku a jere babu ruwa zai yi wuya. Na gaya wa ƙanena daga yanzu ba za mu ƙara yanka yanki biyu rana ɗaya ba. Rabin yanki, a matse, a shanya da faɗi, abin da raga za ta iya ɗauka ya hau raga. Na ƙara sayen tamfol ɗaya, Kawu kuma ya ce zai riƙa kwana a bukkar gona a ranakun shanya don ya tashe mu in iska ta juya.